Rijiyar Alhaji Mudi

New Bell, Oktoba

Zuwa ga Goggona Nana Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da mutanen Bonabéri duka. Yaya ƙafa da wannan ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa? Tunda kin ce waya ba ta shiga kunnenki yanzu, ga takarda.

Goggo, na jawo magana. Kin san shekarun nan da alli kawai nake koyar da kimiyya, in zana abu a allo yara su kwafa suna hamma. Bana na samo wani ɗan gilashi kamar ƙwayar wake, ana maƙala shi a kyamarar waya ya girmama abin da ido ba ya gani. Direkta ya ara mini na'urar da ke haska hoto a bango. Sai na ce kowane yaro ya zo da ruwan da ake sha a gidansu cikin kwalba.

Kin san mu a nan rijiya sunan mai ita take amsawa, haka kuwa na rubuta a jikin kwalaben. Da aka zo kan wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Mudi, wato rijiyar Kaka, na ɗiga ɗigo ɗaya, sai ga wasu halittu suna iyo a bango, kowace kamar kyankyaso. Aji ya kaure da ihu. Ba zan ɓoye miki ba, a lokacin daɗi na ji, don ban taɓa ganin idanun yaran a buɗe haka ba. An ga irinsu a ruwan wasu gidajen ma, amma wa ya riƙe sunayensu? Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa tsutsa ce cike da rijiyar Alhaji Mudi. Mata sun daina zuwa ɗiba.

Baffa Zakari ba ya amsa gaisuwata, ya kuma aiko cewa zai je wurin direkta a hana darasin. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar Baba ke nan. Abin yana ci mini rai. Don Allah ki yi masa magana.

'Yarki,
Kausar

Bonabéri

Kausar, Madam la profesè,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu lau, ƙafa kuwa tana nan tana ba ni labarin hadari kafin ya haɗu.

Labarinki ya riga takardarki tsallako gadar da ke tsakaninmu. Mai sayar mini da makabo, gwazar nan tamu, ita ce ta fara ba ni, a bakinta ma tsutsotsin sun kai tsawon yatsa. Ke da duk karatunki, ba ki iya rubuta ɗaya, biyu, uku a jikin kwalba ba? Sai sunan ubana?

Bari in gaya miki abin da gilashinki bai nuna miki ba. Kakanki bai haƙa rijiyar nan don gidansa ba, sadaka ya yi ta. Ina yarinya na kwashe ƙasarta da kwano a ka. Shi ya sa aka bar ta a wajen katanga, babu mai neman izini. Duk gugan da aka ja, ladansa yana iske shi inda yake kwance. Zakari ba kunyar unguwa ce ta dame shi ba. Yana zaune a ƙofar gida yana kallon guga a bushe, yana ganin an yanke wa mahaifinsa abin da ke kai masa. To ki san da wa kike magana.

Amma ni ba na ce ƙarya kika gani ba. Tun shekarar da ambaliya ta shiga ɗakinmu, in na zo gida tafasa ruwan nake yi a ɓoye kafin in sha. Kada ki kuskura ki gaya masa.

Ba zan yi masa magana ba. Ni ƙanwarsa ce, in na buɗe baki cewa zai yi mata sun haɗa kai. Ke kika rubuta sunan, ke za ki rubuta masa. Ki ba shi haƙuri kan abin da ya kamata, kada ki ƙara da abin da bai kamata ba. Kuma ban da dogon Faransanci.

Ki gaida mamanki. Allah ya yi miki albarka, mai taurin kai.

Goggonki

New Bell

Zuwa ga Baffana Alhaji Zakari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan Baffa yana cikin ƙoshin lafiya.

Baffa, na yi kuskure da na sa sunan Kaka a jikin kwalba gaban yara. Ban yi tunani ba, kuma na ji zafin abin da ya biyo baya. Ina roƙon Baffa ya yafe mini.

Sai dai abin da aka gani yana cikin ruwan, ba zan iya cewa babu shi ba. Waɗannan halittu ba lallai su ne ke sa ciwo ba. Masu sa ciwon sun fi su ƙanƙanta, gilashina ba ya kama su, sai an kai ruwan asibiti an auna. Amma yawansu yana nuna ruwan waje yana samun hanyar shiga, ina kuma zaton ta wajen kwatar da ke bayan gida ne. Laifin damina ne da tsufan siminti, ba na wanda ya haƙa ba.

In Baffa ya ga a hana darasin, ba zan ja da shi ba, ko da yake zan yi baƙin ciki. Roƙona ɗaya, a duba bangon rijiyar.

Allah ya ƙara wa Baffa lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Kaka.

'Yarka mai biyayya,
Kausar

Bonabéri, Nuwamba

Kausar,

Gaisuwa. Kin ce shiru har yanzu, Baffanki bai amsa ba, bai kuma je wurin direkta ba. To ki bar shi. Jiya Imrana mijin Hadija, ɗan unguwarku, ya biyo ta nan, ya ce ya ga yashi da buhunan siminti a ƙofar gidanmu, da mutum biyu a cikin rijiya suna yasa. Ya ce Baffanki yana tsaye a kansu da lema, yana yi musu faɗa kamar su suka fasa ta. Kada ki je, kada ki nuna kin sani. Ki ci gaba da gaishe shi ko bai amsa ba.

Goggonki

New Bell, Disamba

Zuwa ga 'yata Kausar,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni. Na yafe.

An yashe rijiya. An sami tsaga ta wajen kwata, hannuna ya shige ciki har wuyan hannu. An toshe, an ɗaga baki, an yi murfi, an zuba magani kamar yadda mutanen asibiti suka ce. Na sanar a masallaci. Har yau babu macen da ta zo da bokiti. Sun fi yarda da 'ya'yansu a kaina.

Saboda haka ranar Asabar bayan la'asar ki zo da yaranki da na'urarki. Za ki haska a bangon zaurena, mata suna kallo. Ni zan ja gugan. Ki rubuta sunan mahaifina a jikin kwalbar, da manyan baƙaƙe. Sauran ruwan ki kai asibiti a auna.

Abin da kika gani ki faɗa, kada ki dubi fuskata. In har yanzu da abin cutarwa a ciki, da hannuna zan sa wa rijiyar kwaɗo. Mahaifina bai haƙa ta don ta kwantar da ɗan kowa ba.

Allah ya yi miki albarka. Wassalam.

Baffanki,
Zakari Mudi