Na rufe injin hitar gidan surukina da bargo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Na daɗe ina rubuta wannan saƙo ina gogewa, yau dai na daure. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni dattijuwa ce, na zo Greensboro a Amurka daga gida don jegon 'yata, haihuwarta ta fari, kuma ta faɗo a tsakiyar sanyi. Gidansu yana wajen Summerfield. Hitarsu ta ɗumama gida irin wadda suke kira hit-fam ce, injinta a waje yake bayan gida da babbar fanka, iska kuma ta ƙasan ɗaki take fitowa. Ni dai in na sa hannu sai in ji iskar ɗumi-ɗumi kawai, kuma kun san mai jego zafi take so. Kullum ina ƙara lambar abin nan na bango mai daidaita zafi, 'yata tana mayarwa, wai Mama a bar shi wuri ɗaya, haka ake yi da shi.

Wata safiya na fita shanya, na ga injin ya yi fari fat da ƙanƙara, har wani tururi yana tashi. Hankalina ya tashi, na ce sanyi ne ke hana shi aiki. A gida ai janareto ma rufe shi muke in ana ruwa. Sai na ɗauko tsohon bargo da leda na lulluɓe shi, na ɗaure da igiya, ban gaya wa kowa ba don a ganina gyara na yi. Ba a yi kwanaki ba ya fara wata irin ƙara, daga nan ya tsaya, gida ya yi sanyi har jaririyar ta kama mura. Na lallaɓa na kwance bargon tun kafin a gani.

Surukina ya kira mai gyaran da ya duba hitar kafin shigowar sanyi, wani bawan Allah ɗan Nijar da suke masallaci ɗaya, Malam kawai zan ce masa. Ina kicin na ji Malam yana tambaya ko wani abu ya toshe injin, surukina ya ce babu wanda ke zuwa bayan gida, Malam ne dai ya yi aikin banza. Har ya rantse zai gaya wa mutanen masallaci kada a ƙara ba shi aiki, kuma Malam da aikin gidajen Hausawa yake ciyar da iyalinsa. Wallahi duk ina ji, na ci gaba da aikina a kicin. Da yamma sai ga Malam da ƙaramar hitarsa, ya miƙo mini ya ce, "Mama, a sa wa jaririya, a yi haƙuri da mu." Tun ranar ba na iya cin abinci.

Surukina ko ido ba ma haɗawa saboda kunya, ta yaya zan tsaya gabansa in ce ni ce? In na bi ta 'yata, ɗanyen jiki gare ta, kuma kada ya riƙa yi mata gori da ni. Juma'a kuma ta kusa, ranar da zai haɗu da mutanen masallacin.

Masu sanin hit-fam, don Allah ku gaya mini gaskiya, rufe shi da bargo yana iya kashe shi, ko dama zai mutu? Ƙanƙarar nan da tururin, lalacewa ce ko haka yake yi? Idan ni ce, wa zan fara gaya wa, 'yata ko Malam?