Ba Ni Na Ƙona Injin Motarka Ba, Alhaji

Zuwa ga Alhaji, mai motocin jigilar tumatir a Kura.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan iyali lafiya. Ni ne direban a-kori-kurarka da ka karɓe wa makulli a tsakiyar tasha, ka ce gangancina ne ya kashe injin. Sau uku ina zuwa ƙofarka ana cewa kana barci, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na ɗaya. Ranar da mota ta fara zafi ni na kai ta gareji. Da bakanike ya sauke kan injin, ya ɗora rular ƙarfe a fuskarsa, ya tura reza ta ƙarƙashi. Ta wuce salin-alin. Ya ce kan ya lanƙwashe, sai an kai Kano an goge, a sa sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan da jikin injin, a sake notuna domin tsofaffin sun miƙe. Kana tsaye, Alhaji, da carbi a hannunka.

Na biyu. Ka ce tumatir ba ya jiran Kano. Ka sa aka wanke tsofaffin notuna da fetur, aka shafa wa tsohon gaskit gam aka mayar. Bakaniken ya ce ba ruwansa. Ni na yi shiru, saboda tuwon gidana a aljihunka yake, kuma har yau shirun nan yana ci mini rai.

Na uku. Washegari na yi lodi a Bunkure. Ban kai titin Zariya ba injin ya tafasa, baƙin mai ya koma kamar koko. Na taka har wurin masu wayar haya na kira ka, ka kashe wayar. Kwandunan mutane suka wuni a rana suna tsiyaya.

Yanzu kana yaɗawa wai ruwan kanal ɗin noman rani na ɗura a lagireto. Wallahi ban yi ba. Amma wa zai saurari direba ya bar Alhaji? Duk tashar nan babu mai ba ni mota. Cikin manoman da kayansu ya ruɓe har da surukina, wanda a da yake shimfiɗa mini tabarma. Yanzu in na gaishe shi, kai kawai yake ɗagawa.

Ba aiki nake roƙo ka mayar mini ba. Ka zo tasha ranar kasuwa, inda ka tozarta ni, ka faɗi wanda ya ce a mayar da tsofaffin kaya. Magana ɗaya ce, ba ta kai tsawon sallama ba.

Allah Ya ƙara maka arziki da lafiya, Ya kuma ba ka ikon faɗar gaskiya tun kana da bakin faɗa. Idan ka ƙi, na bar ta ajiya, za mu tsaya inda ba a korar direba.

Wassalam.

Tsohon direbanka, mai dakon kwando yanzu a Bunkure.