Maganin Gwazarma da Na Shanya a Rana

Zuwa ga Mai girma Shugaban furojen lambuna da ke Tahoua,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Alhassan, mai renon dashen lemu a garkar da ke hanyar Kalfu. Ita ce ta raba ni da zuwa cin rani, yau kuma tana mutuwa a hannuna.

Na farko: tun bara gwazarma, farar tsutsar nan ta cikin ƙasa, ke cinye saiwar dashena. Ganye ya yi ɗorawa, in na ja icen sai ya fito babu jijiya ko ɗaya. Tunda darajar sefa ta faɗi, maganin feshi ya fi ƙarfina.

Na biyu: ma'aikacinku ya zo ya yi mana albishir da waɗansu tsutsotsi ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, masu shiga jikin gwazarma su kashe ta. Maƙwabta suka yi dariya, ni kaɗai na rubuta sunana.

Na uku, kuma nan ne zafin. Ranar da kayan suka iso kuna yajin aiki. Mai gadi ya miƙo mini wani soso mai laima cikin leda, da takarda da Faransanci. Ranka ya daɗe, wane manomin Adar ne zai ga iri da danshi bai shanya ba? Na shimfiɗa shi bisa tabarma har la'asar, ina korar kaji, ina jin na yi gwaninta. Sai bayan sati wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta mini takardar: a ajiye a sanyi, a jiƙa cikin ruwa, a zuba da marece. Ashe tsutsotsin suna cikin soson, da hannuna na kashe su. Na ji kunya, na ji haushi, har yanzu ban gaya wa iyalina ba.

Sau uku ina zuwa ofishinku, ana ce mini kun tafi taro, kuma wani soson ba zai zo ba.

Ba na roƙon komai don kaina, dashen da ya rage ba zai ga damina ba. Roƙona, in kun sake aika wa talaka abu mai rai, ku haɗa shi da mai bayani da Hausa. Mai gadin ma ya isa, da an gaya masa.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya daidaita ƙasarmu. In kun aiko amsa, a bai wa ƙanena, don na riga na yanki tikitin Abidjan, zan koma cin rani.

Wassalam.
Alhassan mai lemu