Zakaran Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya su Anti da yara? Mu nan alhamdu lillahi. Jikin Baba da sauƙi, sai dai har yanzu bakin bai buɗe ba, hannun dama kuma ba ya ɗaguwa.

Wata damuwa ce ta sa na ɗauki biro. Jan zakaran nan na Baba ya jawo mana magana. Tun da ɗan farin zakaran da muke da shi ya girma ya fara cara, sai suka shiga gasa, in wannan ya yi wancan ya amsa, tun asuba har la'asar. Nas ɗin da ke ɗakin baya aikin dare take yi, da rana take barci, kuma tagarta daidai kan akurkin take. Ta kai ƙara wurin mai gidan da muke haya. Ya ba mu kwana bakwai: ko zakara ya bar gidan, ko mu.

Ban gaya wa Baba ba. Ka san kullum da hantsi nake tura kekensa tsakar gida, ya watsa tsaba da hagu, zakaran ya kira kajin su ci kafin shi ya sa baki. Lokacin ne kaɗai nake ganin fuskar Baba ta saki.

Ka ba ni shawara. A gaida kowa.

Taka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Shiru ban ji daga gare ka ba.

Na bayar da farin, na zaci za a huta. Na lulluɓe akurkin da tsohon bargo don ya yi duhu. Duk a banza. Rashin abokin faɗa ma kamar ƙara wa jan zafin kai ya yi, yanzu kowa ya gifta kusa da kajin sai ya buɗe fiffike ya taso masa.

Jiya Nas ta fito shanya, ya dira mata a ƙwauri da tsinin ƙafarsa. Jini har cikin takalminta. Ba ta zage ni ba, Yaya, da ma ta zaga. Kallona kawai ta yi, ta ɗingisa ta shige ɗaki. Duk a gaban Baba.

Asabar mai gida zai zo. Ina zan kai marar lafiya da keke in aka kore mu? Duk sanda aka taɓa ƙofa sai na zaci shi ne.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Saƙonka ya iso, na gode.

Ran Juma'a Baba ya riƙe gefen zanena. Ya nuna zakaran, ya nuna ƙofa, sau uku. Ashe duk ya gane. Na kama zakaran da kaina, na ɗaure ƙafafunsa, na kai wa kafintan da ya gyara mana akurki, shi yana da fili. Baba bai kalli wajen ba har na fita.

Mai gida ya zo ya tafi, ba mu tashi ba. Amma kwana uku ke nan Baba ya juya wa abinci baya. In na zuba masa tsaba a hannu sai ya bari ta zube a cinyarsa. Nas ce ma, da bandejinta, ta shigo ta auna jininsa. Ta ce ya hau sosai, ta kuma tambaye ni ko ba shi da wani ɗa sai ni.

Ka ce za ka aiko a sayo masa agwagi, su ba sa cara. Kada ka aiko. Wata tara ke nan rabonka da gidan nan. Na gyara maka gadon ɗakin tsakiya. Ka taho kafin ƙarshen mako, ka zauna kusa da shi ko da ba zai iya ce maka komai ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta