'Yar Tasi'u

Kunci, 4 ga Fabrairu

Aminina Iliyasu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Furera da yara. Yaya Rijiyar Zaki, yaya fama da tsadar nan? Wayata ta mutu, shi ya sa na ba Mati direba wannan takarda.

Na sami saƙonka cewa maigidanka zai ɗauke ni gyaran kwamfuta a shagonsa, in dai na iso kafin ƙarshen wata. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Shekara uku da gama difloma, ban riƙe komai ba sai fartanya.

Sai dai da 'yar matsala, kuma na san za ka ce ai ka faɗa. Ka tuna bara da Malam Dabo ya tashi saya wa Islamiyyarsa kwamfuta, don yara su saba da ita kafin jarrabawar shiga jami'a? Kai ka ce a sayi ta shago mai takardar garanti, in ta lalace a mayar. Ni kuwa da rawar kai na ce ɓarna ce, zan haɗa wadda ta fi ta. Na haɗa ɗin, daga gawar kwamfuta huɗu. Yanzu duk gari 'yar Tasi'u ake ce mata. Da ta ƙi tashi sai a aiko in zo in yi wa 'yata faɗa. Zan nemi mai riƙe ta, in taho.

Naka,
Tasi'u

Kunci, 17 ga Fabrairu

Iliyasu,

Salamu alaikum. Yaya jikin Furera? Allah ya ƙara sauƙi.

Ran kasuwa na ɗora kwamfutar a babur har Ɗanbatta, wajen Basiru mai gyara. Ya buɗe, ya leƙa, ya mayar da murfi. Wai shi ba ya taɓa haɗin wani, tela ma ba ya ɗinka yankan da ba nasa ba, in ta mutu a hannunsa sunansa ne zai ɓaci. Ban ga laifinsa ba. Ni kaɗai na san inda na ɗaure da zare, da inda ake dannawa da babban yatsa kafin ta numfasa.

Na so in koya wa Safiyatu 'yar Malam, don yarinyar akwai kai. Malam ya hana. A wajensa amana mutum ɗaya ake ba, wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Bai faɗa da faɗa ba, da yabo ma ya faɗa, kuma yabon ne ya fi ɗaure ni. Yara goma sha tara ke layi a kanta, jarrabawa saura wata biyu. Raina a ƙuntace yake, Iliyasu. Ka roƙi maigida ya ƙara haƙuri.

Naka kullum,
Tasi'u

Kunci, 2 ga Maris

Iliyasu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na san ka jira ni a tasha.

Ranar na riga na shiga motar Mati, jakata a cinya, sai ga Malam da sandarsa. Bai ce in zauna ba. Addu'a ya yi mini, ya miƙo mini sukudireban da na manta a aji. A cikin addu'ar ne ya ambata cewa kwamfutar ta ɗauke tun safe, yara na zaune, amma Allah zai kawo mafita. Dattijon da ya koya mini Fatiha ke nan. Na sauka.

Gyaran bai kai minti goma ba, wata waya ce ta saki a cikinta. Da akwai wata motar da la'asar. Ina zaune ina jin kwandasta na kiran Kano har ta tashi, don na san wayar nan za ta sake saki, in ba jibi ba gata.

Mati ya gaya mini an ba wani gurbin. Kada ka ji komai, ka yi iyakar yinka. Gaskiyarka ce tun farko. Ta shago takarda ake ba ka, ka jefa a akwati ka yi tafiyarka. Wannan kuwa ni ne takardar, kuma an riga an adana ni.

In ka sami tsohuwar fankar kwamfuta a shago ka ba Mati, ta 'yar tawa ta fara kuka.

Ka gaida Furera da yara.

Amininka,
Tasi'u