Fankar da Auta Ta Kashe

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da yara kuna lafiya, ɗinki kuma yana tafiya.

Albishirinki. Kin san aikinmu a ɗakin gwaji, solar roba muke yi: mu shafa ruwan sinadari a gilashi, ya bushe ya zama 'yar fata mai mayar da hasken rana lantarki. Abin da ya hana mu sakat shi ne wutar tana zurarewa kafin ta kai waya, kamar bokiti mai huji. To, na gano maganin. Akwatin da muke shafa ruwan a cikinsa yana da fanka mai zuƙe tururin sinadarin ta fitar waje. Ran nan ta tsaya, ruwan ya bushe a hankali, sai ga asarar ta ragu sosai. Yanzu da kaina nake kashe ta. Farfesa, shugaban aikinmu, har tafa mini ya yi.

Jaririn da ke cikina lafiya lau, sai shurina yake yi. Ciwon kai ne kawai ke ɗan damuna.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, amma ba zan ce goro ba.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, sai dai na san wanda ya sa fankar nan ba mahaukaci ba ne. Tururin da ba ya fita waje, ina yake zuwa? Tun kina ƙarama haka kike, in kin sa abu a gaba ko abinci sai an yi miki tsawa. Shekara nawa kuna neman cikin nan, ke da maigidanki? Ya ma san abin da kike yi? Da na karanta takardarki, har wuyan riga na ɗinka a baibai.

Ki kunna fankar nan, don Allah. Allah ya raba lafiya.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kin cika tsoro wallahi. Maigidan bai sani ba, kada ki ɗaga masa hankali.

Na gwada da fankar a kunne, asarar ta dawo yadda take. Masu duba aikin suna tafe, Farfesa ya ce sai na maimaita har su gamsu. Shi daga bakin ƙofa yake tsayawa ya yi mini magana, abokan aikina kuma sun koma ɗakin da ke kusa. Ni warin ma na daina jin sa, kin ga na saba ke nan. Jiri ne ya ɗebe ni shekaranjiya na fasa gilashi ɗaya, shi ma don ban karya ba ne. Mutumin naki ya rage shuri, ya koyi ladabi.

Saura kaɗan in gama. A gaida yara.

Auta

*

Yaya,

Salam. Masu duba aikin sun yaba. Na kunna fankar.

Tun jiya jaririn bai motsa ba. Na sha ruwan sanyi, na kwanta a gefe, na kira shi, shiru. Ina jin tsoro, Yaya, na kasa zuwa asibiti ni kaɗai, na kasa kallon idon maigidan. Ki bar ɗinkin ki zo.

Auta