Faifan Ƙarfen da Baba Ya Bari

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah Ya ƙara maka lafiya da rufin asiri. Umma tana lafiya, sai ciwon gwiwa. Auta ta koma makaranta. Na rubuto ne a matsayina na injiniyan ƙarafa mai digiri da daraja ta farko, wanda ke gab da kare bincikensa na digiri na biyu, domin neman hukuncinka a kan al'amari mai nauyi.

Bincikena, a taƙaice: ana barbaɗa garin gaurayen ƙarafa a kan ƙarfe marar tsatsa, a narkar da shi da wani haske mai tsananin zafi da ake kira leza, ya zama rufi. In ƙarfin hasken ya gaza, rufin ba ya kamawa; in ya wuce kima, ƙwayoyin cikinsa su kumbura, ya tsattsage. Ba a ganin wannan daga waje. Dole a yanka ƙarfen, a goge, a ɗiga masa asid, a duba a madubin ƙara girma.

Faya-fayen da na yi gwajin a kansu, marigayi Baba ne ya sassaƙa mini su a injinsa, yana tari yana tsokanata da farfesan da bai iya riƙe guduma ba. Duk na yanka, saura ɗaya, wanda na ba matsakaicin ƙarfin haske, kuma a kansa ne hujjata ta rataya. Na kawo shi gida don in nuna wa Umma, sai ta ga tambarin Baba a bayansa. Ta naɗe shi a ɗankwali, ta sa ƙarƙashin matashinta. Na yi mata bayani na ilimi filla-filla. Ta ce aikin hannunsa na ƙarshe ke nan, ba za a sa masa zarto ba sai babban ɗansa, wato kai, ya yarda. Malamina kuwa ya ce maye gurbinsa da wani ƙarfen daban zai rushe kwatancin gaba ɗaya.

Ka gaida Anti da yara, da Kawu in kun haɗu.

Ina buƙatar amsarka a rubuce kafin goma ga watan gobe, wadda zan karanta wa Umma. Ko a'a ce, ka rubuta ƙarara. Ni dai ba zan iya sake tsayawa a ƙofar ɗakinta in roƙa ba.

Ƙaninka,
Injiniya